Ƙananan Takardu a Tsohuwar Alƙahira

Takardar ba ta fi tafin hannu ba. Daga littafin rubutun 'yan makaranta aka yago ta, aka ninke ta gida huɗu. Matar da ke gabana ta zaro ta daga jaka, ta sumbace ta, ta lalubi wata 'yar kafa a gefen gilashin akwatin da ke jingine da bango, ta tura ta da ɗan yatsa har ta faɗa ciki. Ta ɗan tsaya leɓɓanta na motsi, ta shafi gilashin, ta shafa wa yaron da ke riƙe da bakin rigarta a ka, suka wuce. Da na matsa na leƙa sai na ga ashe tata ta tarar da 'yan'uwa. Takardu ne jibge, wata fara, wata bayan rasit, wata an yage ta daga takardar maganin asibiti, har da ƙaramin hoton wani saurayi irin na fasfo. A tsakiyarsu akwai wani abu mai kama da guntun gungume, an naɗe shi da jan karan-miski. Mai kula da wurin ya ce ƙasusuwan wani waliyyinsu ne a ciki.

A cocin Mu'allaƙa ke nan, a Tsohuwar Alƙahira, kuma ranar na fara sa ƙafa a cikin coci tun da uwata ta haife ni. A Kano na girma, na yi shekaru ina ratsa Sabon Gari, na san sunayen coci-coci a jikin allunansu kamar yadda na san sunayen shaguna, amma cikinsu ban san kamarsa ba.

Jinya ce ta kai ni Masar. Yayana aka yi wa aikin gwiwa, ni na rako shi, likita kuma ya ce ba maganar hawa jirgi sai bayan mako uku. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a ƙasar da ba tasa ba ya san yadda yini ke miƙewa. Ɗan ƙanwarmu da ke karatu a Azhar shi ne idonmu, shi ne bakinmu. Ran nan da ya ga zaman ya ishe ni sai ya ce, "Kawu, gobe da jibi ba ni da darasi. In kai ka ka ga dalar Fir'auna, ko in kai ka wajen mutanenka?" Na ce su wa ke nan. Ya ce, "Su Suyuɗi mana. Amma sai mun soma ta inda garin ya soma."

Jirgin cikin gari da suke kira metro ya sauke mu a tashar Mar Girgis. Kana fitowa sai ka yi kiciɓis da wata ƙatuwar hasumiya zagayayya ta jan bulo da farin dutse, ragowar ganuwar Babiliyon da Rumawa suka gina a bakin Nilu. Kogin ya daɗe da janyewa ya bar ta a tudu. Kafin ka shiga unguwar sai ka bi ta na'urar bincike, 'yan sanda na zaune da bindigogi. Ban tambayi dalili ba. An tayar da bam a cocin Buɗrusiyya a nan Alƙahira a Disamban 2016, aka sake a Tanta da Iskandariya a Afrilun 2017. Mu da muka ga abin da ya faru a babban masallacin Juma'a na Kano a Nuwamban 2014 mun san irin wannan ƙofa, mun san yadda mutum ke ɗaga hannu a laluba shi kafin ya je ganawa da Ubangijinsa.

Mu'allaƙa na nufin ratayayya, kuma sunan bai yi ƙarya ba. A kan ƙofar tsohuwar ganuwar aka ɗora cocin, sai ka hau matakala 29 kafin ka isa, a ciki kuma an sa gilashi a wani sashe na daɓe don ka leƙa ka ga zurfin da ke ƙarƙashin ƙafarka. Rufin katako ne mai lanƙwasa kamar an kifar da kwale-kwale, sun ce jirgin Annabi Nuhu ake tunawa da shi. Mumbarin marmara ne a kan siraran ginshiƙai, ɗaya a ciki baƙi, shi ne na Yahuza da ya ci amanar Annabi Isa. Tun ƙarni na 11 shugabannin cocin Ƙibɗawa, wato Kiristocin Masar, suka baro Iskandariya suka mai da nan mazauninsu na tsawon zamani. Duk wannan ɗan jagoran masu yawon buɗe ido zai faɗa maka cikin minti biyar. Abin da ya tsayar da ni shi ne shingen katakon da ya raba jama'a da wurin da limaminsu ke tsayawa. Baƙin katako ne da aka cusa wa hauren giwa, taurari cikin taurari, irin zanen da ke jikin mumbarorin tsofaffin masallatan garin, sai dai a tsakiyar kowane tauraro akwai ɗan gicciye. Da ganinsa ka san kafintocin sun yi zaman rumfa ɗaya. Wani tsoho ya zo wucewa, kafaɗarmu ta gogu, ya dafa ƙirji ya ce mini Allah ya kiyaye ni, da wannan sunan dai da na sani, Allah. A cikin wuyan hannunsa na dama akwai ɗan shuɗin gicciye da aka tsaga masa tun yana yaro, yana faɗin gidan da ya fito kamar yadda zube ke yi a fuskar mutanenmu na da.

A wata cocin ta cikin unguwar na ɗaga kai na ga ƙwan jimina a rataye. Gabana ya ɗan faɗi, don rabona da ganinsa tun ina yaro, a kan tsororuwar ɗakin wani mai gari a ƙauyen kakannina. Na sa ɗana, ɗan ƙanwar tamu, ya tambaya. Aka ce masa jimina ba ta ɗauke ido daga kan ƙwanta, shi ya sa ake rataye shi, don mai ibada ya tuna kada ya ɗauke zuciya daga abin da ya kawo shi. A ɗakin ziyara na gidan mata masu zuhudu na Mar Girgis kuwa sai da muka tuɓe takalma, hujjarsu umarnin da aka yi wa Annabi Musa a wuri mai tsarki. Na dubi jerin takalman a bakin ƙofa, silifa da sandal da takalmin makaranta, an tattake bayan wasu, ba abin da ya raba su da na ƙofar masallacin unguwarmu.

Cocin Abu Sarga sai ka gangara ta wani siririn lungu da ke ƙasa da titi, don garin ya yi ta hawa kan kansa shekara da shekaru ya bar tsofaffin gine-gine a rami. A ƙarƙashinsa akwai kogon da Ƙibɗawa suka ce Nana Maryamu ta fake da Annabi Isa yana jariri lokacin da suka gudo daga Sarki Hirudus, kuma kowace 1 ga Yuni suna bikin tunawa da shigowarsu Masar. A layin masu sauka na ga mata uku da hijabi, ba wanda ya dube su sau biyu.

Wurin da na fi daɗewa a ranar shi ne wanda ya fi kowanne shiru, wato majami'ar Yahudawa ta Bin Ezra, 'yan taku kaɗan daga nan. Babu mai ibada a cikinta yanzu. Yahudawan Masar, da suka kai dubbai masu yawa kafin 1948, sun watse, saura 'yan tsiraru. A saman benen mata akwai wata kafa a bango da ke faɗawa cikin wani ɗaki marar ƙofa. A shari'arsu ba a yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai a ajiye ta har ranar da za a binne ta kamar mutum, ɗakin ajiyar kuma shi ake kira geniza. Mutanen wannan majami'a sai suka wuce haka, duk abin da aka rubuta da haruffansu sai su jefa ta kafar, suka yi ɗaruruwan shekaru suna jefawa, busasshiyar iskar Masar kuma ta hana takardun ruɓewa. A ƙarshen 1896 wani malamin Jami'ar Kambirij, Solomon Schechter, ya zo ya shiga ɗakin, ya kwashi guntaye kimanin 193,000 zuwa Ingila. Da aka zauna karantawa sai aka tarar da littattafan addini, aka tarar da rubutun hannun Musa bin Maimun, malaminsu da ya yi likitanci a fadar Salahuddin, sannan aka tarar da abin da ba wanda ya yi niyyar adanawa: takardun sadaki, wasiƙun fatake masu zuwa Indiya, lissafin bashi, takardar magani, kukan matar da miji ya yi tafiya ya bar ta ba ci ba sha, da shafin da yaro ke koyon haruffa yana zane-zane a gefe. Da yawansu da harshen Larabci aka rubuta su amma da haruffan Ibrananci, wato ajaminsu ke nan.

Ina tsaye a ƙarƙashin kafar nan sai kakata ta faɗo mini a rai. Ba ta iya karatun boko ba, na allo ma ba ta yi nisa ba, amma idan ta ga takarda da rubutun Larabci a ƙasa, ko da ta ƙunshin ƙosai ce, sai ta sunkuya ta ɗauka, ta kaɗe, ta soke ta a tsagar bango ko a jikin azara. Idan muka wanke allo ba ma zubar da ruwan inda ƙafa ke takawa. Gidajen ƙasa nawa aka rushe a cikin birni da irin waɗannan takardu a jikinsu, wasiƙun ajami na fatake daga Gwanja, takardun gado, lissafin goro? Mu ba mu yi musu ɗaki ba, gara da damina kuma ba su jira mu ba.

Azahar ta same mu a masallacin Amru bin Asi, tafiyar 'yan mintuna a ƙafa. Shi ne masallaci na farko a Masar, an gina shi a shekara ta 21 bayan hijira, a wurin da rundunar Musulmi ta kafa tantuna, wurin da ya zama garin Fusɗaɗ. An yi ta rushewa ana faɗaɗawa har ba abin da ya rage na ginin farko. Ɗana ya nuna mini ginshiƙan ya ce a nan Imamu Shafi'i ya riƙa zama yana ba da karatu, gobe kuma za mu je inda ya kwanta.

Da sassafe ranar Juma'a muka sauka a dandalin Sayyida A'isha, inda ƙananan motocin haya ke cunkushewa, masu sayar da tattabaru na jera keji. Na ji yaran mota na kiran "Arafa", na juya da mamaki, sai ɗana ya ce, "Kawu, Ƙarafa suke nufi, mutanen Alƙahira ba sa furta ƙaf." Ƙarafa ita ce babbar makabartar garin, ta miƙe a gindin dutsen Muƙaɗɗam, kudu da arewa da ganuwar Salahuddin. Masu tarihin farko sun ruwaito cewa Muƙauƙis, shugaban Ƙibɗawa, ya nemi ya sayi gindin dutsen daga hannun Amru da dinari 70,000, don sun samu a littattafansu cewa a nan dashen Aljanna yake. Amru ya rubuta wa Sayyidina Umar, shi kuma ya mayar da amsa cewa bai san wani dashen Aljanna ba in ba muminai ba, don haka a mai da wurin makabartar Musulmi, kada a sayar. Tun daga lokacin ake binnewa a nan, yau kusan shekara 1,400.

Kabarin Jalaluddin Suyuɗi bai da nisa da dandalin, ƙaramin gini ne da za ka iya wucewa ba ka lura ba. Na tsaya na yi masa sallama irin wadda aka koya mana a yi wa mazauna kabari, sai na ji maƙogwarona ya cushe. Wannan mutum duk azumi muna tare da shi. A kowane masallacin da ake tafsiri daga Zariya har Damagaram, mai jan baƙi ya ja, malam ya buɗe Jalalaini, rabin littafin nan daga Baƙara zuwa Isra'i alƙalamin wannan bawan Allah ne, ya ƙarasa aikin malaminsa Mahalli yana ɗan shekara ashirin da 'yan kai. An haife shi a 1445, ya rasu a 1505. Kuma ya san da zamanmu. Ya rubuta wasiƙar nasiha zuwa ga sarakunan Tukururu, ya ambaci Sarkin Katsina Ibrahim da Sarkin Agadas, ya ja musu kunne a kan adalci. A 1493 wani malami daga yankin, Muhammad al-Lamtuni, ya aiko masa da jerin tambayoyi a kan halin da mutanen ƙasarsa ke ciki, ya amsa. Takarda ta ratsa Sahara a bayan raƙumi, ta je ta dawo. Ni a raina Suyuɗi suna ne a bangon littafi, ban taɓa kawo cewa yana da unguwa ba, yana da maƙwabta, akwai mai shayi a bakin lungunsa. Haka Ibnul Ƙasim almajirin Imamu Malik, wanda Mudawwana ta tsaya a kan ruwayarsa, da Ashhabu, da Halilu mai Muhtasar, da Ibnu Aɗa'illah mai Hikam, duk a makabartun garin nan suke. Rabin littattafan zauren malaminmu a nan masu su ke kwance.

Maganar maƙwabta ba salon magana ba ce, don Ƙarafa unguwa ce ta rayayyu. Masu hali na da ba kabari kaɗai suke ginawa ba, sukan kewaye fili da katanga su sa ƙofa, su yi ɗaki ɗaya ko biyu inda dangi za su kwana idan sun zo ziyara. Shi suke kira hosh. Gawa tana ƙarƙashin ƙasa, a ɗakin da ake sauka da matakala, ɓangaren maza daban na mata daban, idan an yi sabuwar rasuwa a ɗaga duwatsun bakin a shigar da ita a mayar. Masu gadin kaburbura, da ake kira turabi, sana'ar gado ce a wurinsu, suna zaune a ciki da iyalansu tun kaka da kakanni. Da gari ya cika, haya ta gagari talaka, ga waɗanda yaƙin 1967 ya koro daga garuruwan bakin Suwes, ga waɗanda girgizar ƙasar 1992 ta rushe wa gidaje, sai ɗakunan ziyara suka zama gidajen zama. Na leƙa wani hosh da ƙofarsa ke buɗe. An ɗaura igiyar shanya daga dutsen kan kabari zuwa taga, rigunan makaranta na ɗiga. Wata yarinya ta baje littafinta a kan marmarar kabarin tana aikin gida, uwarta na gefe tana yankan albasa, kaji na kiwo. Rubutun jikin dutsen ya nuna wani basha ne da ya rasu tun zamanin sarauta. An share wurin tas, an yayyafa ruwa, ƙura ta kwanta.

Ruwan nan na yi ta ganinsa. Ga dukkan alama duk mai zuwa ziyara da abu uku yake zuwa, ruwa da ganye da abinci. Mata ne suka fi yawa, sanye da baƙaƙen kaya, sun riƙo zarɓar dabino da damin ɗoɗɗoya da suka saya a bakin hanya, su ɗora a kan kabari, su zuba wa tukunyar kabar giwa da ke gefe ruwa. Suna dasa ta ne don tana jure ƙishi, sunanta kuma a bakinsu daga kalmar haƙuri ya fito. Sai su buɗe kwando su fito da 'yan gurasa zagayayyu da dabino da lemo, su raba wa yaran makabarta da duk wanda ya gitta. Wannan sadaka sunanta rahama. Wata dattijuwa ta miƙo mini gurasa ɗaya, na noƙe don ina ganin akwai waɗanda suka fi ni buƙata, sai ɗana ya raɗa mini, "Karɓi, Kawu, ta mamacinta ce." Na karɓa na yi wa mamacin addu'a, ta ce amin da ƙarfi ba tare da ta ji Hausa ba. Can gefe wani makaho mai karatu ya tsuguna yana karanta Yasin, an sa masa 'yan kuɗi a aljihu.

Na san abin da malamanmu za su ce a kan da yawa daga cikin wannan, kuma wani ya riga su faɗa tun tuni. Ibnul Hajji, mutumin Fas da ya zauna a Alƙahira ya rasu a 1336, ya cika shafuka a littafinsa Madhal yana sukar fitar matan garin zuwa kaburbura da gine-ginen da ake yi a kansu. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya dogara da littafin nan ƙwarai a Ihya'us Sunna, don haka ƙyamar da muke yi wa gina kabari tana da jijiya a nan garin. Shi ma Ibnul Hajji a Ƙarafar aka binne shi.

Namu kabarin tudun ƙasa ne da itace da fasasshiyar tukunya, attajiri da almajiri ba bambanci, kuma har gobe ina ganin kyan haka. In ka cire irin Hubbaren Shehu a Sakkwato da na Sarkin Musulmi Bello a Wurno da na waliyyan Katsina, mu ba mu cika sanin inda kowa yake ba. Kabarin mahaifina damina uku ta daidaita shi da ƙasa, yanzu wata bishiyar darbejiya nake nufa in tsaya kusa da ita in yi addu'a. Wannan bai taɓa damuna ba. Abin da ya dame ni a safiyar nan shi ne tsintsiya. Rashin gini a kan kabari umarni ne muka bi, amma wa ya umarce mu da mu bar katangar makabarta ta zube, awaki su shiga, a mai da gefenta juji, ruwan sama ya tone kaburbura sai an yi shela a masallaci kafin a sami masu kai ƙasa? Tsofaffin da ke haƙa kabari a garuruwanmu, da su da iyalansu, sau nawa muke tunawa da su in ba ranar da muka kai gawa ba?

A jikin wasu katangun na ga an shafa jan fenti, babban alamar kuros da kalmar da ke nufin a rushe. Tun 2020 ake yanka sababbin tituna da gadoji ta cikin makabartar, duk da tana cikin Tsohuwar Alƙahira da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 1979. Iyalai da yawa sun zo sun kwashe ƙasusuwan iyayensu a farin ƙyalle zuwa sababbin makabartu a bayan gari. Har kabarin Ɗaha Husaini, makahon marubucin da Masar ke alfahari da shi, sai da aka shafa wa jan fentin a 2022, kafin kukan jama'a ya sa a dakata. Gari mai mutum sama da miliyan 20 dole ya nemi hanya, na yarda. Amma na tsaya a gaban wani hosh da aka cinye rabinsa, tukunyar kabar giwa na nan a kan ragowar katangar, ƙasarta da danshi, wani ya zo ya ba ta ruwa a safiyar.

Ƙubbar Imamu Shafi'i tun daga nesa take kiran ido. Ya rasu a shekara ta 204 bayan hijira, wato 820. Salahuddin ya gina makaranta a gefen kabarin, aka sassaƙa masa akwatin katako a 1178 wanda har yau yana nan, sannan Sarki al-Kamil ya ɗora ƙubbar a 1211, ta katako ce aka lulluɓe da darma. A can ƙololuwarta, inda aka saba ganin jinjirin wata kaɗai, akwai ɗan kwale-kwalen tagulla. Wasu sun ce hatsi ake zubawa a ciki don tsuntsaye, wasu sun ce ishara ce ga kogin ilmin da ke kwance a ƙasa. Muka ba mai ajiyar takalma namu muka shiga. Sanyi, ƙamshin turare, zinariya da shuɗi a cikin ƙubbar sun haska tun bayan gyaran da aka kammala a 2021. Na matsa kusa da shingen katakon da ya kewaye kabarin, na leƙa ta tsakanin sassaƙar.

Takardu ne a ƙasa, an ninke su gida huɗu.

Al'ada ce tsohuwa. Talakawan Masar na ɗaukar Shafi'i alƙali ne har yanzu, suna kawo masa ƙarar wanda ya zalunce su. Wani masanin zamantakewa, Sayyid Uwais, ya fitar da littafi a 1965 a kan wasiƙun da ake aiko wa kabarin ta gidan waya, da kan sarki da adireshi, daga ƙauyuka masu nisa. Yawancinsu kukan zalunci ne, an cinye gona, an sace saniya, an yi ƙazafi, an rasa wanda zai saurara. A karatun da aka yi mini mamaci addu'armu yake jira, ba shi ake kai wa ƙara ba, kuma ban sauka daga kan wannan ba. Sai dai wanda ya taɓa yin sintiri a ofisoshi da takardar koke a hannu, ana ce masa ya dawo gobe, ba zai yi saurin ɗaga murya a kan mai wannan wasiƙa ba. Laifin farko na wanda ya rufe ƙofar da ya kamata a kai ƙarar ne.

Muna shirin fita sai wata tsohuwa ta kamo hannun rigar ɗana. Ta ga littafi a hammatarsa da biro a aljihu, ta gane ɗalibi ne. Ta fito da takarda ba komai a jiki ta ce ya rubuta mata. Ya dube ni. Na ga abin da ke ransa, don shi ma karatun da aka yi mini aka yi masa. Ya tsuguna ya ce mata, "Hajiya, zan rubuta, amma da sunan Allah zan buɗe, kuma Shi zan rubuta wa." Ta dube shi kamar ya faɗi abin da kowa ya sani, ta ce, "To da sunan wa za a buɗe, ɗana?" Ya ɗora takardar a kan littafinsa, tana faɗa yana rubutawa. Daga baya ya gaya mini ɗanta ne ya tafi Libiya neman aiki, shekara biyu ba labari, matarsa da 'ya'ya uku suna wuyanta. Ta sa ya rubuta sunan ɗan da sunan uwarsa, wato ita, ta sa ya karanta mata ta ji ko ya tsallake wani abu. Sannan ta karɓa, ta ninke, ta ninke, ta tura ta tsakanin katakon.

Mai ajiyar takalma ya jera mana namu suna fuskantar hanya. Da muka koma masauki mun tarar yayana ya idar da sallar La'asar a zaune, ƙafar a miƙe kan matashi. Ya ce, "Kun gaishe su?" Na ce mun gaishe su, Yaya. Na ciro gurasar dattijuwar nan daga aljihu, ta ɗan farfashe, na gaya masa ta wace ce. Ya gutsura, ya ɗaga hannu ya yi wa mamacin Fatiha, muka shafa.